Tsiren Da Hansai Ba Ta Ci Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da ba sai na kama suna ba, tun zamanin da kakanninmu ma labari suka ji. Nomau ake ce masa, saƙar zana ce sana'arsa. Ranar da zan ba ku labarinta, bayan la'asar, yana tsugune a tsakar gida gaban garwashi yana juya tsinkayen tsiren kaza, sai ihu ya ɓarke a bayan katangarsa.

"Ɓarawo ne, ku tare shi. Ku tare ta can."

Sai dirin ƙafafu, sai ƙarar fashewar tulu, sai wani sauti da duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa, saukar sanda a gadon bayan mutum.

Nomau ya ɗaga kai, amma bai tashi ba. Ku saurara, kada ku yi saurin zarginsa. Akwai abin da ya ɗaure shi a gaban wutar nan.

Matarsa Hansai ta daɗe a kwance. Ciwon ciki ne ya kayar da ita tun farkon damina, har aka yi girbi ba ta tashi ba. Kunu in an ba ta sai ya dawo, fura sai ta dawo. Ta rame har warwaron hannunta na zamewa ya wuce gwiwar hannu. Babbar 'yarsu Tasalla ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, ga ƙannenta biyu ƙanana suna zagaye da uwar kamar marayu tun tana da rai. Tsohuwar da ke ba ta magani ta gwada sassaƙe, ta gwada saiwa, daga ƙarshe ta ja Nomau zaure ta ce masa, "Ɗan nan, nawa ya ƙare. Abu ɗaya ya rage. Ranar da ta buɗe baki da kanta ta ce tana marmarin wani abu, ka nemo shi ko a ina yake. In cikin ya karɓa, ta tashi. In ka bari marmarin ya wuce, ba lallai ya dawo ba. Amma ban da mai, ban da kitse, ban da barkono."

To, da safiyar ranar nan, Hansai ta buɗe ido ta ce, "Malam, tsire nake marmari. Na kaza." Ta faɗi haka, barci ya sake ɗauke ta.

Shekarar kuwa muguwa ce. Hatsi bai yi ba, ciwon kaji kuma ya bi garin gida gida ya share akurkai. Amma Nomau ya san kullum da safe yana ganin wata kaza wake-wake tana fitowa daga akurkin Hansai. Ya ce a ransa, Allah ya bar mana wannan don wannan rana. To, kun san mu maza. Wane ne a cikinku ya san kajin gidansa? Ka san jakinka, ka san ragonka, amma kaza ta mata ce, su suka san wadda ta yi ƙwai, su suka san wadda ta ɓace. Mai kajin na kwance, 'yar da ta zo jinya kuwa ta daɗe da barin gidan. Nomau ya kama kaza, ya ambaci sunan Allah, ya yanka.

Yana cikin figa, Mantau ɗan ga-ruwa ya yi sallama. Baƙo ne a garin, ba dangin iya ba na baba, da tulunsa yake ci. Ya juye ruwa a randa, ya dire jiƙaƙƙen tulun a ƙasa kusa da inda ake figa, ya leƙa ta bakin ƙofa ya yi wa Hansai sannu, ya ɗauki abinsa ya fita.

Jama'a, da kun ga yadda mutumin nan ya yi aikin naman nan, da kun san so. Ya ɗaye fatar kaf. Ya bi tsoka da bakin wuƙa yana cire kitse, ko ɗigo bai bari ba. Ya yayyanka ƙanana daidai loma, don mai ciwo ba ta da ƙarfin tauna. Tasalla ta daka citta da tafarnuwa da ɗan kanumfari, shi kuma ya kwaɓa su da kindirmo, ya matsa lemon tsami, ya sa gishiri ɗan kaɗan. Ya cuɗa naman a ciki da hannunsa har kowace tsoka ta sha, ya rufe akushin da faifai, ya ajiye a gindin randa inda ke da sanyi, ya bar shi ya tsumu tun hantsi har la'asar, don tsamin ya ratsa ya yi laushi. Ya fere tsinkaye, ya jiƙa su a ruwa don kada wuta ta cinye su. Ya soka tsoka, ya soka albasa, ya soka tsoka, ya soka albasa. Ya barbaɗa garin ƙuli sama sama, bai shafa ko ɗigon man gyaɗa ba. Bai ɗora ba sai da harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi ja. Ya ƙirga a ransa, na Hansai, na yaran, na Tasalla. Yau gidan nan za a zauna a tabarma ɗaya a ci nama, uwar gida a tsakiya.

Ƙamshi ya fara tashi ke nan ihun nan ya zo.

Tasalla ta leƙa ta zaure, ta dawo da sauri. "Baba, Mantau ne suke duka."

"Mantau? Me ya yi?"

"Wai ya sace kazar Jatau. An ga gashinta manne a gindin tulunsa."

Jatau maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Mai rumbuna ne, a shekarar nan rabin garin a ƙofarsa suke awo.

Nomau ya ce, "Wace irin kaza?"

"Wake-wake, in ji su."

Nomau ya ajiye tsinken da ke hannunsa, ya jawo ƙwaryar da ya zuba kai da ƙafafu don romo. Ya ɗaga ƙafar dama, lafiya lau. Ya ɗaga ta hagu, sai ga yatsa ɗaya a datse, tsohon datsi, ya daɗe da warkewa.

Ya shiga ɗaki, ƙafar kazar a dunƙule cikin tafinsa. Ya durƙusa kusa da kan Hansai.

"Hansai, wace shaida kike yi wa kajinki?"

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Jan zare a fiffike."

Shi ya fige kazar nan da hannunsa. Bai ga zare ba.

"Masu datse yatsa fa, wane gida ne?"

"Gidan Jatau ne." Ta numfasa. "Nawa ai duk sun mutu a ciwon nan. Ni na zubar da ta ƙarshe kafin in kwanta."

Ashe kazar maƙwabci ce ta sami akurki ba kowa, take biyo magudanar ruwa tana shigowa ta kwana. Hansai ba ta gane inda tambayar ta dosa ba. Hancinta ya shaƙi ƙamshin da ke shigowa, ta haɗiyi yawu, ta ce, "Ya kusa nuna, Malam? Yunwa nake ji."

Yunwa nake ji. Ku riƙe wannan kalma. Tun damina yake roƙon Allah ya ji ta a bakin matarsa, sai ga ta ta zo a daidai lokacin da sanda ke sauka a waje.

Ya fito. Tasalla na ganin fuskarsa da abin da ke hannunsa ta gane. Ta tare shi, ta rage murya.

"Baba, ba ni nan in binne."

"Kina jin abin da ake yi wa mutumin nan?"

"Ina ji. Duka ne, zai warke. Inna fa?"

Nomau ya fara kwashe tsinkayen daga wuta yana jerawa a faifai. Tasalla ta riƙe gefen faifan.

"To ka je, ban hana ka ba. Ka tafi da ƙafar ka nuna musu, ka bar naman. Ni zan ƙarasa gasawa in ba ta. Kafin ka dawo ta ci. Ai ba sata ka yi ba, kuskure ne."

"Da safe kuskure ne. Yanzu na sani."

"Allah ma ya san halin da muke ciki."

"Ya sani. Shi ya sa zan je in roƙi mai abu. Maƙwabcina ne, tare muka yi wasan ƙasa. Zan gaya masa gaskiya, ya ce mini ɗauka, ta ci da halas. Ba zan sa wa uwarki abin wani a ciki ba alhali ban sani ba ko shi ne na ƙarshe da za ta haɗiya."

"In ya hana fa?"

Nomau ya zare faifan daga hannunta a hankali, ya fita.

Na san wani a cikinku yana cewa a ransa, Malam, ai wannan larura ce, akwai sauƙi a addini. Ban musa maka ba. Amma Nomau bai yi karatun da ka yi ba. Masaƙin zana ne, abu ɗaya ya riƙe tun yana yaro: abin da ba naka ba, sai mai shi ya ce ɗauka. Kuma har ga Allah ya zaci Jatau zai ce ɗauka.

Ya tarar da ƙofar gidan Jatau cike. An ɗaure Mantau a jikin durumi, rigarsa ta yage, jini na bin bayansa. Tulunsa a farfashe a ƙasa. Jatau na riƙe da gindin tulun, gashin wake-wake manne a jiki, yana nuna wa jama'a. Mai unguwa na tsaye gefe yana shafa gemu, ya kasa cewa a bari, don shi ma a rumbun Jatau yake ci.

Kun san me ya sa Jatau ya haukace a kan kaza ɗaya? Wani boka ne ya ce masa ya ajiye kaza wake-wake, muddin tana da rai rumbunsa ba zai ga ƙasa ba. Ku ji fa. Mutum da gemunsa, ya rataya arzikinsa a wuyan kaza. Allah ya tsare mu.

Jatau ya sa ƙeyar sanda ya ɗago haɓar Mantau. "Kai, a ina ka fige ta?"

"Ban ɗauka ba."

"Na ji ba ka ɗauka ba. Gashin daga ina? Tulun naka ne ya fara fitar da fiffike?"

Wasu suka yi dariya.

"Wane gida ka shiga yau?"

"Gidaje da yawa."

"Wanne ne ake figar kaza?"

Mantau ya sunkuyar da kai. A nan Nomau ya gane cewa mutumin nan ya sani. Ya ga figar da idonsa, ya san gidan, ya san mai ciwon, shi ya sa ya kulle bakinsa ya miƙa bayansa. Idonsu ya haɗu ta tsakanin kafaɗun mutane. Mantau ya ga faifan, ya girgiza kai a hankali, alamar koma.

Nomau ya ratsa taron.

"Malam Jatau, sauke sandarka. Ga kazarka."

Ya dire faifan a gabansa, ya buɗe tafin hannu ya nuna ƙafar.

"Ni na yanka ta. A akurkin gidana take kwana, na ɗauka ta Hansai ce. Mantau ruwa ya kawo mana, gashin ya manne a tulunsa. Ba shi da laifin komai."

Jatau ya kalli ƙafar, ya kalli faifan. Ya sunkuya ya ɗauki tsinke ɗaya, ya kai hanci. Sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Jama'a ku zo ku gani. Har da citta. Har da kanumfari. Lallai kazata ta ga gata, ko ni mai ita ban taɓa cin irin wannan ba. Ashe ɓarawon namu ɗan sahun gaba ne. Kai ne kullum bayan liman, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

"Ka ɗauka ta Hansai ce. Gobe kuma sai ka ɗauka rumbuna na Hansai ne."

Nomau ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban yara da manya. "Ka faɗi duk abin da kake so, na cancanta. Zan kewaye maka gidanka da sabon zana, gaba da baya. Abu ɗaya nake roƙo. Ka san matata a kwance take. Yau ne karon farko da ta ce tana jin yunwa. Ka ba ni tsinke biyu, saboda Allah, saboda maƙwabtaka. Ko ɗaya ne."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Ka ba shi mana, Jatau. Ai ta riga ta mutu, kazar."

Jatau ya juya ya nemo mai maganar da ido. "Baba, kai ne? To, gobe in ka zo awo sai ka maimaita mini."

Dattijon ya yi ƙasa da kai. Mai unguwa ya ce, "A dai yi haƙuri, a dai yi haƙuri," bai ce wa zai yi haƙurin ba.

Jatau ya ɗauki faifan da hannu biyu. Nomau ya miƙa nasa hannuwan, ya zaci ba shi za a yi. Jatau ya wuce shi, ya taka zuwa bakin kwatar da ke fitowa daga gidansa, ya kife faifan a ciki. Tsiren da aka tsuma tun hantsi ya nutse a baƙin ruwa. Kafin ka ce me, karnuka sun rufar masa.

"Ka kashe mini abin da ba ka san darajarsa ba," in ji Jatau. "Ba mai cin ta. Ba kai ba, ba matarka ba."

Ya sa aka zura ƙafar kazar a igiya aka rataya wa Nomau a wuya. Nomau bai hana ba. Ya tashi, ya je jikin durumi ya kwance Mantau, ya tallafe shi.

Mantau ya ce masa a kunne, "Me ya fito da kai? Duka ne, da na shanye. Inna Hansai ta sha zuba mini tuwo ban roƙa ba."

Nomau ya ce, "Ba ni da ikon ciyar da matata da fatar bayanka."

Ya raka shi har rumfar da yake kwana, yara na biye da su suna waƙar ɓarawon kaza. Sannan ya juya gida hannu sake.

Ku saurara, nan ne wurin ya fi zafi. Wulaƙancin Jatau da zaginsa duk wasa ne a kan shiga gidan nan. Garwashi ya zama toka, amma ƙamshin na nan ya cika tsakar gida. Ƙananan yaran na zaune a tabarmar da aka shimfiɗa, sun wanke hannu. Tasalla ta kalli hannuwansa, ta kalli abin da ke wuyansa, ta juya masa baya. Daga ranar ba ta ƙara ce masa Baba ba, sai dai ta ajiye masa ruwa ta wuce.

Ya shiga ɗaki. Tasalla ta riga ta gaya wa uwar komai. Hansai na kallon rufin ɗaki. Ya zauna a ƙasa kusa da ita.

Can ta ce, "An sake shi?"

"An sake shi."

"Sun ji masa ciwo?"

"Sun ji masa."

Ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnenta. "Na so in ci, Malam. Wallahi na so in ci."

"Na sani."

"Ka cire abin nan daga wuyanka. Ba naka ba ne shi ma."

Washegari Mantau ya ɓace daga garin. Mutane suka ce kunya ce ta kore shi. Ashe ƙauyuka ya shiga da miki a baya, yana bin rugage da tungaye yana tambayar inda ciwon kaji bai kai ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da wata 'yar budurwar kaza a hammata, wata tsohuwa ce ta ba shi bayan ya yi mata jigilar ruwa.

Nomau ya sake yin komai kamar na farko. Ya ɗaye fata, ya cire kitse, ya kwaɓa citta da kindirmo, ya matsa lemon tsami, ya ajiye a gindin randa. Ya gasa a hankali yana juyawa har ya nuna ciki da waje. Ya zare tsoka ɗaya mafi laushi, ya murmushe ta da yatsa, ya kai bakin Hansai.

Ta karɓa don kada ta karya masa zuciya. Ta juya ta a baki, ta juya, ta kasa haɗiyewa. Marmarin ya wuce, kamar yadda tsohuwa ta faɗa.

Ta ce, "Ku shigo da tabarmar nan. Ku ci a gabana in gani."

Aka shimfiɗa a ɗakin. Yaran suka zauna, aka kira Mantau ya zauna a bakin ƙofa. Tasalla ta ce ita ta ƙoshi. Hansai ta dube ta, ba ta kira sunanta ba, kun san kunyar ɗan fari, ta ce, "Ke 'yar nan, karɓi daga hannun ubanki." Tasalla ta karɓa. Suka ci, yaran na santi, manyan na haɗiya da hawaye. Hansai na kallon bakin kowa, har ta ce wa ƙaramin ya daina sauri kada tsinke ya soke shi. Shi ke nan cin da gidan ya yi a tabarma ɗaya da uwar gida a ciki.

Ba ta ƙara kwana da yawa ba. Da hantsi ta cika, kanta a cinyar mijinta, da kalmar shahada a bakinta.

Kuna jira in ce Jatau ya tsiyace, ko? Bai tsiyace ba, rumbunsa na nan. Kuna jira in ce garin ya taru ya wanke Nomau? A wurin zaman makokin ma raɗa ake yi. Wani ya ce, gaskiyar da ta kashe mace ai ba gaskiya ba ce, taurin kai ne. Wani ya ce, da ni ne sai ta ci ta ƙoshi sannan in fita. Nomau na jin su. Kuma kada ku ɗauka shi dutse ne. Tambayar nan na cin sa fiye da yadda take cin su: da ta ci a ranar, da ta tashi? Bai sani ba. Ba kuma wanda zai taɓa gaya masa.

Ana cikin zaman makokin, rana ta take, sai ga wani dogon mutum ya tsaya a bakin rumfa. Ba wanda ya san shi. Burgami a kafaɗa, wuƙa ɗaure a damtse, idanunsa jajur kamar wanda ya yi tafiya ba barci. Bai yi gaisuwa ba, bai ɗaga hannu an yi addu'a ba.

Ya ce, "Sunana Sambo. Ni ne wan Hansai, ciki ɗaya. Tun kafin a aurar da ita na bi fatake kudu. Ina hanyar dawowa saƙon 'yarta ya tare ni. An ce ƙanwata ta roƙi loma ɗaya a gidan mijinta, mijin ya kwashe naman daga wuta ya kai waje, karnuka suka ci. Wane ne mijin a cikinku?"

Wani ya buɗe baki zai ce ai mijin ya ɗan fita. Mantau ya yunƙura zai tashi ya tare. Nomau ya dafa gwiwarsa ya zaunar da shi, ya miƙe da kansa.

"Ni ne. Abin da aka gaya maka kuma, haka aka yi. Bismillah, ga tabarma."

Mutumin bai zauna ba.

A nan nake tsayawa, jama'a, don abin da na tara ku in gaya muku ya riga ya fito. Mutumin da ya ce ni ne a gaban sandar Jatau, shi ne ya sake cewa ni ne a gaban wuƙar Sambo. Hausawa na cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To, ba su ce ba ta yankan fata ba. Gaskiya na da tsada, wani lokaci da abin da ka fi so a duniya ake sayenta, kuma ba a yi maka alkawarin za ka ga ladanta kafin a kai ka kabari ba. Wanda ke faɗin gaskiya don a saka masa kafin magariba, ciniki yake yi. Mai tsoron Allah yana faɗinta ne don ya san akwai ranar da za a tambaye shi, a kan bayan wa ka ci abincinka?

Yanzu ku bar Nomau, ku dubi kanku. Kai da ɗanka ya fasa abu a gida, ka bari aka kori 'yar aiki, kana ji kana gani. Kai da ka lalata aikin mutane a shago, ka yi shiru maigida ya huce a kan abokin aikinka. Ke da akuyar maƙwabta ta shigo gidanki ta haihu, kika ce rabo ne. Kowannenku yana da hujja, kuma hujjar mai kyau ce: iyali, yara, larura, halin da ake ciki. Nomau ya fi ku hujja. Matarsa ce a kwance tana cewa yunwa take ji.

Saboda haka in an idar da sallar nan, kada ka wuce gida kai tsaye. In ka san akwai wanda ke ɗauke da laifinka a kansa, ka fara biyawa ta wurinsa. Za a zage ka, wataƙila ka yi asara, wataƙila 'ya'yanka ma su juya maka baya. Ka je duk da haka. Allah ya ciyar da mu da iyalanmu halas, ya ba mu ƙarfin cewa ni ne tun muna da bakin faɗa.